Ɗigo Ɗaya

Shekara arba'in ina ɗinkin riga a zaurenmu na Ƙofar Kuyambana,
allura ta san yatsana fiye da yadda ta san shadda.
Ta soke ni, in tsotse, in tofar,
kafin in sake zura zare jini ya kama kansa.
Ban taɓa gode masa ba.
Wa ke gode wa ƙyaure don ya rufu?

Sai zuciya ta gaji.
Suka tsaga ni kamar wuyan riga,
suka dasa ƙarfe inda tsoka ta gaza, suka ɗinke.
Ɗinkin ya karkace, amma na yi shiru.
Yanzu da dare ƙirjina na ƙyas-ƙyas kamar agogo,
jikata Hansatu takan kanga kunne,
ta ce: Baba, ƙarfe nawa?

Suka ba ni ƙwaya 'yar mitsitsiya,
wai ta hana jini yin guda a bakin ƙarfen.
In ya yi kauri, gudan ya hau kai, ya tafi da rabin jiki.
In ya tsinke, asuwaki ma ya zama yanka.
Na ce: kunu ke nan,
kada ya zama tuwo, kada ya koma ruwa.

Da, don a san inda kunun ya tsaya,
da assalatu nake fita.
Ƙofar Doka, Kwangila, Samaru, har Shika,
mota biyu, kati, benci, layi,
a ɗaure damtse a yi farautar jijiya,
a cika kwalba, a ce dawo jibi.
Yini biyu allura na kwance a tsakiyar aska takwas,
mai riga na ta aiko yaro.

Yau Rifkatu 'yar Wusasa ta zuge jaka
a ƙaramin asibitin bayan kasuwa,
ta fito da wani abu, bai cika tafin hannu ba.
Na ce wannan ai wayar wasan yara ce.
Ta ce: miƙo yatsa, Malam Tanimu.
Ta nemi wuri mai taushi ta rasa, duk kanta ce,
sai ta koma kan ɗan autan, malalacin da bai taɓa aiki ba.
Tsit.
Ɗigo ɗaya.
Tsinken ya zuƙe shi yadda lagwani ke shan mai.
Muka zuba ido. Mai rake ya wuce ta taga.
Ban cika salati goma ba lamba ta fito:
ɗaya da ɗigo takwas.

Gonarka tsakanin biyu da uku take, in ji ta,
ta dube ni ta saman tabarau.
Me ka ci a makon nan?
Na ce tuwo. Ta ce da me?
Kwaɗon zogale, kwana biyar a jere,
Asabe ce ta matsa mini.
Ƙarya ce, ni na roƙa.
Abu bai kai sabulu ba, ya tona asirin akushina.

Ba ta raba ni da zogale ba.
Ci yadda ka saba, ta ce, ban da yau tsibi gobe babu.
Ta kira likita, suka ƙara rabin ƙwaya,
ta rubuta Talata a katina.
Na ga tana ƙirga tsinkayen da suka rage a gwangwani,
bakwai ne.
Ban tambaye ta ba, na san hanyar Shika.

Kafin azahar ina zaure.
Na ɗauki rigar, na ci gaba daga inda na tsaya,
allura ta gaishe ni irin gaisuwarta.
Jini ya fito, ja wur, bai yi sauri ba.
Na danne da auduga, na kau da shaddar mutane,
ina sauraren ƙarfen yana ƙirga mini,
har ya tsaya.
Na ce masa sannu da aiki.